Amsa ga Malama: SDG da haƙƙin yara abu ɗaya ne, ko kowa da hanyarsa?

Malama kin tambaya wai waɗannan muradun ci gaba na duniya da ake kira SDG, waɗanda aka tara ku wakshop a kansu aka raba muku baji mai kala-kala, mene ne haɗinsu da haƙƙin yara, abu ɗaya ne aka sauya wa suna ko daban ne, sannan ke da kike fama da aji mai yara sama da ɗari a zaune a ƙasa babu benci me suka tsinana miki. Toh gaskiya ba abu ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su ɗin shi ya sa ake fitowa daga irin waɗannan tarukan an ci shinkafa an karɓi kuɗin mota amma ba wanda ya san wa zai riƙe da laifi idan ba a yi aikin ba.

Haƙƙin yara shi ne ya girme. Ranar 20 ga Nuwamba 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara, mai sashe 54, Najeriya ta rattaba hannu a 1990 ta tabbatar da ita a 1991, kuma a yau duk ƙasashen da ke majalisar sun tabbatar da ita in ban da Amurka, wannan ma abin lura ne ga masu cewa Amurka ce ta ƙaƙaba mana. Afirka ma ta yi tata a 1990, wadda har ta ƙara da nauyin da ke kan yaro game da iyayensa da al'ummarsa, abin da ta duniyar ba ta kawo ba. Sai a 2003 aka mayar da abin dokar ƙasa a Abuja. Ita wannan yarjejeniya ba fata ba ce, wajibi ce a kan gwamnatin da ta sa hannu: sashe na 7 ya ce a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, na 24 lafiya, na 28 ilimin firamare kyauta kuma dole, na 32 kada a sa shi aikin da zai cutar da shi ko ya hana shi karatu. Kuma kowane yaro ɗaya ɗaya ake nufi, ba kashi kaza cikin ɗari ba.

Su kuwa SDG a Satumbar 2015 aka amince da su a New York, ƙasashe 193, muradu 17 da ƙananan manufofi 169 a ƙarƙashinsu, wa'adi 2030. Sun gaji Muradun Ƙarni, wato MDG, guda 8 da aka yi daga 2000 zuwa 2015. Babu kotun da za ki kai gwamna saboda bai cika SDG ba, ko rahoton da ƙasa take kaiwa majalisar ma sunansa na ganin dama ne, Najeriya ta kai a 2017 ta sake kaiwa a 2020, ita ta rubuta da hannunta ita ta karanta aka tafa mata. Saboda haka in kina son ki riƙe abin a taƙaice, haƙƙi bashi ne da yaro yake bin hukuma da iyaye, SDG kuma mudun da aka yarda a dinga aunawa da shi a ga ko ana biya, da ranar da aka ce za a kammala biya. Mudu ba ya ciyar da kowa amma in babu shi wanda ake bi bashin zai ce miki ai ya biya.

Kuma mudun yana da amfani fa, kar a ɗauka raina shi nake. Yarjejeniyar 1989 ta ce yaro yana da haƙƙin rayuwa da lafiya amma ba ta ce nawa ba kuma ba ta ce yaushe ba, sai manufa ta 3.2, wato ta biyu a ƙarƙashin muradi na 3 na SDG, ta zo ta sa lamba, ta ce kafin 2030 kowace ƙasa ta sauko da mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 zuwa 25 ko ƙasa da haka a cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai, jarirai na watan farko kuma 12. Yanzu sai ki ɗauko babban binciken lafiya na ƙasa na 2018 ki ga Najeriya tana kan 132, na 2023 zuwa 2024 ya ce an sauko 110, na jarirai kuwa bai ma sauka ba yana nan wajen 40, toh kin ga yanzu akwai abin da za ki nuna wa kwamishina wanda ba zai ce siyasa ce ko hassada ba. Haka 2.2 ta yi wa tamowa, 4.1 ta yi wa karatun firamare da sakandare, 5.3 auren wuri da kaciyar mata, 6.2 banɗaki da daina bahaya a fili, 8.7 bautar da yara wadda ita wa'adinta ma 2025 aka sa kuma ya wuce ba a cika ba, 16.2 cin zarafi da safarar yara, 16.9 rajistar haihuwa. Sassa da yawa na yarjejeniyar za ki samu an yi musu lamba a wani wuri cikin muradun.

Abu na biyu da muradun suke yi shi ne jan kuɗi. Lokacin da aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18 a 2005 zamanin Obasanjo, sharaɗin shi ne kuɗin da aka huta biya, wajen dala biliyan ɗaya a shekara, a zuba su a ayyukan Muradun Ƙarni, kuma wadda aka ba riƙon ofishin ita ce Amina Mohammed 'yar Gombe, wadda daga baya ta zama mai ba Ban Ki-moon, babban sakataren majalisar na lokacin, shawara wajen tsara su SDG ɗin kansu, yanzu kuma ita ce mataimakiyar babban sakataren majalisar tun 2017. Waɗannan ƙananan asibitoci da azuzuwa da fanfunan burtsatse da kike gani a ƙauyuka an rubuta MDG a jikinsu daga nan suka fito, haka shirin tura ungozomomi karkara na 2009. Wasu sun yi aiki wasu an gina an kulle awaki na kwana a ciki saboda ba a ɗauki ma'aikaci ba, amma dai kuɗin sun motsa ne don akwai lambar da ake so a cimma. A duniya baki ɗaya yaran da ke mutuwa kafin shekara 5 sun ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 'yan shekarun nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne ko da mu ba mu cika namu kason ba.

Inda nake da ja da muradun shi ne lissafin tsaka-tsaki. Wancan 132 da na faɗa miki babu jihar da take rayuwa a cikinsa, a binciken na 2018 Ogun tana kan 30 Kebbi tana kan 252, wato a Kebbi kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu ba ya kai shekara 5, ƙasa ɗaya tuta ɗaya. Tsumburewar yara saboda rashin abinci mai gina jiki kashi 37 ne a ƙasa amma a arewa maso yamma ya haura rabi. Idan ni jami'i ne aka ce min in sauko da lambar ƙasa, wallahi hanya mafi sauƙi ita ce in bi yaran da ke kusa da titi, inda mota ke shiga inda akwai firij ɗin ajiye allura inda babu 'yan bindiga, lamba za ta sauko a yaba min, yaron da ke rugar Fulani ko wani ƙauye bayan rafi a Zurmi ko Sabon Birni kuwa bai san ana yi ba. Masu tsara SDG sun gane wannan matsalar daga abin da ya faru a Muradun Ƙarni shi ya sa suka shigo da maganar kada a bar kowa a baya da kuma a dinga rarraba alƙaluma jiha jiha, mace da namiji, birni da ƙauye, amma wannan ɗin ma ai daga haƙƙi aka aro shi, sashe na 2 na yarjejeniyar ne da ya hana nuna bambanci. Lamba tana iya cika a bar yaro miliyan a waje, haƙƙi kuwa ba ya cika in saura yaro ɗaya.

Misalin da ya fi nuna min wannan shi ne shan inna. An sa burin kawar da ita a duniya tun 1988, kuɗi suka zubo, ana bi gida gida ana ɗiga wa yara kyauta wata bayan wata, sai iyaye suka fara tambayar da har yau ban ga laifinta ba, wai me ya sa wannan ake kawo mana har ƙofar ɗaki kyauta amma in yaro ya kamu da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ko gudawa sai mun sayar da akuya mun sayi magani, in ma an samu likitan. Ga kuma tabon gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi a Kano lokacin sanƙarau na 1996 bai warke ba. Da jita-jitar cewa ɗigon yana hana haihuwa ta shigo a 2003 sai ta tarar da ƙasa a jiƙe, Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin ba ƙarin fosta ba ne, shigowar Sarkin Musulmi da sarakuna da hakimai da masu unguwanni ne, da malamai, da mata 'yan unguwa da aka ɗauka suna shiga gidaje, da waɗanda cutar ta naƙasa suna fita da kansu suna magana, da kuma fara haɗa ɗigon da duba marasa lafiya da raba magani da sabulu, wato sai da aka dawo aka kalli yaron gaba ɗayansa da iyayensa a matsayin masu haƙƙin a yi musu bayani. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar. Nasara ce babba. Amma a daidai wannan lokaci Najeriya tana da yara sama da miliyan 2 da ba a taɓa yi musu ko allura ɗaya ta rigakafin yau da kullum ba, tana sahun gaba a duniya, shi ya sa mashaƙo ya dawo ya yi ɓarna a Kano da maƙwabta a 2023. An cika burin da ake ƙirgawa, haƙƙin lafiya na nan da saura.

A ɓangarenki na makaranta ma haka ne. Muradun Ƙarni sunan yaro a rajista suka ƙirga, saboda haka kowa ya dage da cika rajista, aji ya cika malami bai ƙaru ba, shi ne abin da kike gani a gabanki. SDG na 4 ya gyara ya ce a duba ko yaron yana koyon wani abu, kuma da aka duba a binciken 2021 na hukumar ƙididdiga da UNICEF sai aka samu wajen kashi 27 ne kacal na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 suke iya karatu na matakin farko. Su kuma waɗanda ba sa zuwa kwata-kwata, shekara da shekaru ana cewa miliyan 10.5, UNESCO ta fito a 2022 ta ce kusan miliyan 20 in an haɗa da 'yan sakandare, gwamnati ta yi ta musu, kuma dalilin musun shi ne ba mu yi ƙidaya ba tun 2006, kowa hasashe yake. A nan ne na ke ganin manufa ta 16.9 ta fi duk sauran muhimmanci duk da ba a cika yi mata taro ba, domin binciken 2021 ɗin ya nuna kashi 57 ne na yara ƙanana aka yi wa rajistar haihuwa, kuma a karkarar arewa abin ya fi haka ƙasa sosai. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya cikin lissafin allura, ba ya cikin lissafin aji nawa za a gina, in an kama shi ba mai iya tabbatar da cewa yaro ne kada a haɗa shi da manya a gidan yari, in yarinya ce aka zo maganar shekarunta sai dai a ce ai ta isa.

Almajirai su ne suka fi faɗawa wannan rami, binciken gida gida ba ya cika kama su da kyau tunda ba sa gidan iyayensu, sannan lissafin duniya yana sa su a layin waɗanda ba sa makaranta, abin da ke ɓata wa iyaye da alarammomi rai, suna cewa yaron da ya haddace izu talatin ne za a ce ba ya karatu. Ni a ganina an ɓata shekaru a wannan gardama alhali tambayar haƙƙi ta fi sauƙi kuma babu malamin addinin da zai musa ta, wa ke ciyar da shi, ina yake kwana, in ya yi zazzaɓi wa zai kai shi asibiti, uban da ya kawo shi yaushe rabon ya leƙo. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya sama da 150 aka miƙa wa jihohi yawancinsu suka lalace, a 2020 lokacin korona gwamnoni suka dinga loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu kamar kaya, a 2023 aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Gini da hukuma suna shiga rahoto da sauƙi, ciyarwa ta kullum da albashin malami ba sa ɗaukar hoto.

Maganar aure kuwa nan ne aka fi cewa ajandar Turawa ce. Dokar 2003 ta sa shekara 18, amma saboda tsarin mulkinmu sai kowace jiha ta amince da ita a majalisarta kafin ta yi aiki a can, jihohin arewa da yawa suka ɗauki shekaru suna jan ƙafa, Kano sai a 2023 ta sa hannu a tata dokar kare yara, wasu kuma da suka amince sun sassauta ko sun kauce wa maganar shekarun. Ni abin da aikin fili ya nuna min shi ne ba takardar doka ce ke jinkirta auren yarinya a ƙauye ba, sakandare ce a kusa da gida wadda uba zai yarda 'yarsa ta je ta dawo lafiya, mai malamai mata da banɗaki da katanga, wadda ba a korar yara saboda kuɗin jarrabawa. Uban da ya ji labarin sace ɗalibai a Chibok a 2014 da Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024 in ya ce gara ta zauna a ɗakin miji ba jahilci ne kawai ke magana ba, tsoro ne, kuma hukumar da ta kasa tsare makarantar ita ta fara karya haƙƙin. Kin ga yadda 5.3 ta rataya a kan 4.1, ita kuma ta rataya a kan muradi na 16 na zaman lafiya, ba a cika ɗaya a bar ɗaya.

Sai kuɗi, wanda shi ne gaskiyar magana. A Abuja aka zauna a 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawarin kashi 15 na bajet ga lafiya, gwamnatin tarayya ta fi yawan zama a wajen kashi 5. Dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ce shekara 9 na karatu kyauta ne kuma dole, ta ware kashi 2 na kuɗin shigar tarayya ga UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta ɗauka, shi ya sa ake samun biliyoyin naira suna kwance a Abuja jihohi ba su je sun ɗauka ba yaranki na zaune a ƙasa. Abincin tamowa na 'yar leda mai kamar tunkuza da maganin zazzaɓin damina da ake rabawa yara da allurai da yawa kuɗin waje ne ke ɗauke da su, da Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi USAID a 2025 sauran ƙasashe ma suka rage sai ga shi cibiyoyi suna rufewa a daidai lokacin da tsadar abinci ta biyo bayan cire tallafin mai, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara sama da 600 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina a wata shidan farko na shekarar. Mai ba da tallafi don cika buri yana iya janyewa ranar da siyasar ƙasarsa ta juya kuma ba ki da bakin tuhumarsa, wanda ya sa hannu a yarjejeniyar 1989 ya yi dokar 2003 da ta 2004 shi ne ba shi da damar janyewa. Kotun ECOWAS ma ta faɗi haka a 2010 a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar, ta ce ilimi haƙƙi ne da ɗan Najeriya zai iya nema a kotu, duk da gwamnati ta kafe cewa babi na biyu na tsarin mulki, inda maganar ilimi take, ba a kai ƙara a kansa.

Toh ke a matsayinki na malama ba sai kin haddace 17 da 169 ba. Ki nemi alƙaluman jiharku ba na ƙasa ba, suna cikin rahoton binciken kuma kyauta ne a intanet, ki kai su zaman SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantarku, a karanta wa iyaye da mai unguwa da liman da Hausa. In za ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kar ku rubuta kuna roƙon a taimaka, ku kafa hujja da dokar UBE, ku sa yawan yara da yawan malamai da yawan benci, ku tambaya ko jiha ta biya kasonta ta ɗauko kuɗin UBEC na bana kuma ko makarantarku na cikin jerin ayyukan, ku ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Sannan lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ki ware waɗanda ba su da takardar haihuwa, kar ki kore su, ki haɗa sunayensu ki je wurin ma'aikacin hukumar ƙidaya da ke ƙaramar hukumarku ko asibitin da ake awo ki nemi ya zo makaranta rana guda ya yi musu, a gaya wa iyaye su taho da ƙannen da ke goye da katin allurarsu, in an yi sa'a ma'aikaciyar rigakafi ta zo ranar sai a duba wanda ya tsallake allura a cike masa.